Ƙullin da ke saiwar wake: tsutsar da ke cin manomin Potiskum ta ƙarƙashin ƙasa

Ƙarshen watan Agusta, damina ta zauna. Duk wanda ya bi hanyar Potiskum zuwa Fika, ko ya nausa wajen Nangere, zai ga gero ya fitar da kai, wake kuma ya shimfiɗa yaɗo a ƙarƙashinsa. Daga bakin titi komai ya yi shar. Sai an sauka an shiga gonar jigawa ake tarar da wani fili a tsakiyar kore, inda waken ya tsugune ya ƙi gaba. Ganyensa ƙanana, ruwan ɗorawa. Da rana ta take sai ya yi yaushi alhali ƙasa da danshinta, da yamma ya ɗan farfaɗo, gobe a koma gidan jiya.

Mai gonar ya duba ganye sama da ƙasa bai ga darɓa ba, bai ga tsutsar fure ba. Ya duba gindi bai ga ƙuduji ba. Ranar kasuwa sai ya tsaya a rumfar mai maganin feshi.

"Malam, wakena ne ganyensa ya yi rawaya, ya ƙi yaɗo."

"Baba, yunwa ce. Ka ba shi yuriya, ka haɗa da wannan ka fesa."

Ya biya, ya zuba, ya fesa. Ganyen ya ɗan yi kore na 'yan kwanaki ya koma yadda yake. A lokacin roro, abin da aka tsinta a wannan fili bai taka kara ya karya ba. Hukuncin da ake yankewa a irin wannan hali sananne ne: ƙasa ta gaji.

Wani lokaci gaskiya ne, ƙasar ta gaji. Amma sau da yawa da an tuge gindi ɗaya an karkaɗe rairayin, da an ga amsar da ido: saiwa ta kumbura ƙulli-ƙulli, ta yi kauri a wasu wurare, ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa kuma sun ƙare.

Abin da ido ba ya gani

Mai wannan aiki wata tsutsa ce da masana ke kira nematod. Tana ƙarama tsawonta bai kai rabin milimita ba, ba ta da launi, ba a ganinta sai da madubin ƙara girma. Nau'o'in nematod da ke cin tsirrai sun haura dubu huɗu, amma wadda ta fi addabar wake a ƙasashe masu zafi ita ce mai ƙulla saiwa, 'yar gidan Meloidogyne. An fara lura da ita a Ingila a 1855, a saiwar kokwamba da ake nomawa cikin ɗakin gilashi. Yau babu nahiyar da ake noma da ba ta kai ba, kuma ana ƙiyasta ɓarnar da dangin nematod ke yi wa amfanin gona a duniya da dala biliyan tamanin ko fiye a shekara.

A Nijeriya ma tsohon zance ne a wurin masu bincike. Gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1970 sun nuna cewa idan tsutsar ta yi yawa a gona tana iya cinye rabin amfanin wake. Wani bincike da aka buga a 2004, wanda ya zagaya gonakin wake sama da ɗari biyu a sassan ƙasar nan, ya same ta ko'ina aka duba. Nau'i biyu ne suka fi yawa, inkognita da jabanika, kuma na biyun ya fi rinjaye a busasshiyar arewa irin tamu.

Tana son ƙasa mai rairayi, domin a tsakanin ƙwayoyin yashi take samun hanyar tafiya, tana kuma son zafi. Ƙasar Potiskum da kewayenta jigawa ce mafi yawanta, zafi kuwa ba a magana.

Me ya sa maganar ta shafi Potiskum

An fi sanin garin da kasuwar shanu ta ranar Laraba, wadda ke cikin manya a Afirka ta Yamma, da kuma manyan motocin dakon kaya. Amma wake ma ya kai sunan garin nesa. A kasuwannin kudu akwai farin waken da ake kira Potiskum kawai, har masu bincike a jami'o'i suna rubuta shi da wannan suna. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, tana samar da tan miliyan uku ko fiye a shekara, Nijar na bi mata, kuma daga arewa mafi yawansa ke fitowa.

Ga gidan talaka, wake shi ne naman yau da kullum. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa furotin ne, sinadarin gina jiki. Ƙosai, alale, ɗanwake, garau-garau, duk daga nan suke. Ga mai turkar rago ko sa kuwa, harawa kuɗi ce tsagwaronta, musamman idan rani ya yi nisa ko babbar Sallah ta matso. Saboda haka duk abin da ya taɓa saiwar wake a wannan yanki ya taɓa tukunya, ya taɓa turke.

Yadda take karɓe madafa

Tsutsar ba ta tauna saiwa, kuma wannan ne ya sa sha'aninta ya bambanta da na sauran ƙwari. Da ta ƙyanƙyashe sai ta bi ƙanshin sinadaran da saiwa ke fitarwa, ta shiga ta kusa da tsinin jijiya, ta ratsa tsakanin ƙwayoyin halitta har ta isa magudanar da ruwa da abinci ke bi. Nan za ta tsaya, in mace ce ba za ta sake motsawa ba har mutuwarta.

A bakinta akwai wata 'yar allura. Da ita take tsira wa ƙwayoyin halitta biyar zuwa bakwai da ke gabanta wani ruwa mai ɗauke da sinadarai. Waɗannan sinadarai suna juya umarnin da ke cikin ƙwayar halittar. Cibiyarta ta yi ta rabuwa, amma ita kanta ƙwayar ba ta rabu ba, sai ta yi ta kumbura har ta ninka girmanta sau ɗaruruwa. Sinadaran da ke tsara girman shuka, irin su oksin da saitokainin, suna rikicewa a wurin, sai naman da ke kewaye ya yi ta hayayyafa. Ƙullin da manomi ke gani ke nan.

Waɗannan manyan ƙwayoyi aikinsu ɗaya: janyo abinci. Sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana, wanda ya kamata ya tafi fure da kwanso, sai ya gangaro saiwa. Haka ma tubalan furotin. Abin ya yi kama da baƙon da ya sauka a gidanka, bai fasa rumbu ba, bai ɗauki komai da hannunsa ba, amma ya sa duk abin da aka dafa ɗakinsa ake fara kaiwa, yara su ci ƙanzo.

Shi ya sa idan aka auna a ɗakin gwaji ake samun abin da zai ba mutum mamaki da farko: ƙullin saiwar ya fi lafiyayyar saiwa yawan furotin da sauran kayan gina jiki, amma ganye da kara sun ragu.

Cikin mako uku zuwa huɗu macen ta yi ƙiba ta zama 'yar ƙwallo fara, ta zuba ƙwai ɗari uku zuwa ɗari biyar cikin wani abu mai yauƙi a bayan saiwa. Ba ta ma buƙatar namiji. A damina ɗaya ana iya samun zuriya uku.

Ƙulli biyu, ɗaya alheri ɗaya cuta

A nan ne ake yawan ruɗewa, kuma a ganina nan ne ya kamata duk wani malamin gona ya fara darasinsa.

Lafiyayyen wake ma yana da ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Haka gyaɗa, haka gurjiya, haka waken suya. Waɗannan gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ake kira raizobiya. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska kai tsaye. Bakteriyar ce ke kama shi ta mayar da shi abin da shuka za ta iya ci, shuka kuma ta biya ta da sukari. Wannan ciniki ne ya sa kakanninmu suka gane cewa geron da ya biyo bayan wake ya fi kyau, tun ba su san sunan sinadarin ba.

Bambanta su ba wuya. Ƙullin alheri a gefen jijiya yake maƙale, zagayayye, idan ka murza shi da yatsa sai ya cire. Ka fasa shi da farce, cikinsa ja-ja ne. Ƙullin tsutsa kuwa jikin jijiyar ne ya kumbura, ba ya cirewa sai dai ka tsinke saiwar, cikinsa kuma fari ne mai tauri.

Jan nan da ke ciki wani sinadari ne mai suna legimogulobin, ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Aikinsa daidaita iskar oksijin a cikin ƙullin, domin sinadarin da bakteriya ke kama naitirojin da shi yana lalacewa idan oksijin ya yi yawa, ita kuma bakteriyar tana buƙatar kaɗan don ta rayu. Gwaje-gwaje a kan wake da danginsa sun sha nuna abu ɗaya: idan nematod ta kama saiwa, ƙullin alheri yana raguwa a yawa da girma, jan cikinsa yana dusashewa, naitirojin da ake kamawa yana faɗuwa. Dalili na farko sukari ne, wanda tsutsa ta riga ta tare a hanya. Na biyu, takan shiga cikin ƙullin alherin kansa ta sa ya tsufa ya ruɓe kafin lokacinsa.

Daga nan sauran ɓarna ke biyowa. Koren ganye, wato kulorofil, da naitirojin ake gina shi. Ya ragu, ganye ya yi rawaya. Ganye mai rawaya ba ya haɗa sukari sosai, sai bakteriya ta ƙara shiga yunwa, naitirojin ya ƙara raguwa. Magudanar ruwa kuma ta murɗe a wurin kumburin, don haka ruwa da fosfaras da fotashiyam ba sa hawa yadda ya kamata. Shukar sai ta shiga tara wani sinadari mai suna furolin, wanda tsirrai ke tarawa a lokacin fari. Wato a cikin jikinta fari ake yi, ko da an kwana ana ruwa.

Wannan ne ya sa yuriyar da baban nan ya zuba ba ta yi aikin kirki ba. Takin yana ƙasa, hanyar hawansa ce ta toshe. Maganin feshin da ya bi ganye kuwa ko kusa da tsutsar bai je ba.

Shukar ma tana faɗa

Wake ba ya miƙa wuya haka kawai. Da ya ji an huda shi yakan ƙara samar da sinadarai masu ɗaci da ake kira finol, ya tayar da wasu sinadaran aiki irin su feroksides, waɗanda ke taurara bangon ƙwayoyin halitta. Waken suya yana da nasa makamin mai suna gilisiyolin, wanda ke taruwa da sauri a irin da ke da juriya. Bambancin iri mai juriya da marar juriya yawanci a sauri da ƙarfin wannan martani yake.

Tun 1902 wasu masana biyu a Amurka, Webber da Orton, suka ba da rahoton wani irin wake da tsutsar ba ta iya yi wa illa, kuma wannan na cikin rahotannin farko a duniya kan juriyar shuka ga nematod. Daga baya aka gano ƙwayar gadon da ke ba da wannan kariya, aka sa mata suna Rk. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun nuna cewa a irin wannan wake tsutsar takan shiga, har ta fara gina manyan ƙwayoyinta, amma bayan kamar mako biyu sai su lalace, ta rasa abinci kafin ta yi ƙwai. Ɗaya daga cikin irin da suka samu kariya mai ƙarfi a jikinsa daga cibiyar IITA ya fito, wadda ke da hedikwata a Ibadan da reshe a Kano.

Akwai kuma wata illa da ke zuwa a bayan tsutsar. Saiwar da ta kumbura ta cika da abinci wuri ne mai daɗi ga naman gwarin da ke sa shuka ta bushe a tsaye, wanda ake kira fusariyam. An tabbatar cewa waken da ke jure wannan cuta yakan rasa juriyarsa idan nematod ta riga ta shiga.

Kowa da inda yake kallo

Manomi abin da ya fi tsoro shi ne wanda yake gani. Tsutsar fure tana iya share gona cikin mako biyu, ƙuduji yana fitowa fili da furensa, ƙwaro yana huda wake a buhu. Ba laifinsa ba ne idan ya ba waɗannan kuɗinsa da lokacinsa. Kuma gaskiya ce cewa ba kowane rawayan ganye ne nematod ba: ƙuduji yana sa shi tun kafin ya huda ƙasa, kwanciyar ruwa tana sa shi, cutar bairos ma haka.

Mai sayar da magani yana sayar da abin da ke kan kantarsa, kuma kwatancen baki ake kawo masa, ba saiwa ba. Dillalin hatsi yana duba girman ƙwaya da fari da rashin huda. Babu mai auna furotin a mudu. Mai sayen harawa yana ɗaga dami ya ji nauyi, ya duba yawan ganye, amma bai san cewa ganyen da ya rasa naitirojin ba zai ɗora wa ragonsa nama kamar lafiyayye ba.

Masu bincike sun yi rawar gani a wani fannin. A ƙarshen 2019 cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin SAMPEA 20-T mai jure tsutsar fure, kuma akwai ire-iren da ke jure ƙuduji. Sai dai juriya ga wannan ba ta nufin juriya ga wancan. Ina ganin lokaci ya yi da manomi zai riƙa tambayar mai iri, kai tsaye, ko irin nan yana jure tsutsar saiwa, kuma a rubuta amsar a jikin leda.

Wani abin lura shi ne dogon raninmu yana taimakawa. Watanni bakwai ko takwas babu ruwa, ƙasa ta gasu a Maris da Afrilu, yawancin tsutsar kan mutu. Inda abin ke ta'azzara shi ne lambu da fadama, inda ake tumatir da tattasai da kuɓewa da rani, a bi su da wake da damina. Duk waɗannan abincinta ne, ba ta taɓa yin azumi. Noman rani yana ƙaruwa a Yobe, kuma abin farin ciki ne, amma dashen tumatir ɗaya mai ƙulli a saiwa ya isa ya kai ta sabuwar gona. Haka ƙasar da ta maƙale a garma ko tayar tarakta, haka ruwan da ya gangaro daga gonar maƙwabci.

Batun guba

Akwai magungunan kashe nematod, kuma tarihinsu abin tsoro ne. A Senegal, a shekarun 1970 da 1980, masu bincike sun nuna cewa wata nematod dabam tana rage ƙullin alheri a saiwar gyaɗa, kuma da aka sa wa ƙasa maganin DBCP amfani ya ƙaru sosai. Amma wannan maganin ne aka gano a Amurka a 1977 yana hana ma'aikatan masana'antarsa haihuwa, aka hana shi. Kabofuran, wanda manoma suka sani da Furadan, guba ne mai kashe tsuntsaye da dabbobi, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi.

Waken Nijeriya ya riga ya sha kunya a kan guba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari da ake zubawa a ajiya. Ƙara wata gubar a ƙasa, a hannun mutumin da ba shi da safar hannu, kusa da rijiyar da iyalinsa ke sha, ba hanya ba ce da zan ba kowa shawararta.

Abin da ke hannu

Abin da ya fi aiki yana kusa, kuma Potiskum ta fi garuruwa da yawa samunsa. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, na shanu ko na kaji, yana rage tsutsar ta hanya biyu: yana fitar da sinadarai irin su amoniya da ke kashe ƙananan, yana kuma ciyar da naman gwari da bakteriyar ƙasa da ke cin ƙwanta. Garin da dubban shanu ke kwana a cikinsa kowane mako bai kamata gonakinsa su rasa kashin shanu ba. Matsalar kuɗin dako ce, kuma a nan ne ƙungiyoyin manoma da hukumar bunƙasa noma ta jiha za su iya sa hannu.

Darbejiya ma tana ko'ina a titunan garin. Ganyenta da tunkuzar 'ya'yanta, idan aka binne su a ƙasa mako biyu ko uku kafin shuka, an sha gwada su a jami'o'in ƙasar nan an ga ƙulli ya ragu.

Sai juya shuka. Gero da dawa ba sa ciyar da ita kamar yadda wake da tumatir ke yi. Gyaɗa kuwa, duk da 'yar gidan wake ce, inkognita ba ta iya hayayyafa a saiwarta, yawancin jabanika ma haka, don haka shekarar gyaɗa hutu ce ga gonar da ta kamu. Waken suya ba ya ba da wannan hutu. Huɗar bazara, wadda ke juyo ƙasan ƙasa ga rana, tana taimakawa a lambu, ko da yake a jigawa sai an yi hattara kada iska ta kwashe ƙasar. Bayan roro kuma, a tuge saiwar da ta kamu a ƙone, kada a bar ta da ƙwanta a ciki.

Duk wannan sai an san cutar tukuna. Gwajin farko ba ya buƙatar ɗakin bincike: mako shida bayan shuka, a je gefen filin da ya tsugune, a haƙo gindi uku ko huɗu da fartanya, kada a fizge don kada jijiyoyi su tsinke, a wanke a kwano, a murza ƙullin da yatsa. Ɗaliban kwalejin noma ta Gujba da na sashen noma a kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Potiskum za su iya koya wa ƙauye guda wannan cikin yini ɗaya. Idan ƙullin ya cire kuma cikinsa ja ne, a nemi dalilin rawayar a wani wuri. Idan ya ƙi cirewa, a riƙe kuɗin feshin nan, a sa alama a filin, baɗi a shuka masa gyaɗa ko gero zalla bayan an zuba masa taki.